Waƙar Wa Aka Sa Ɗazu?

 

Akwai wata tambaya da kusan kowa a cikinmu ya taɓa yi, kuma ba kasafai ake samun mai amsa ta ba. Tela a Court Road yakan yi ta, ƙafarsa na kan keke. Direban adaidaita sahu da ya kwaso fasinja daga Unguwa Uku zuwa Dangi yakan yi ta. Baiwar Allah da ta kwana jinya a asibitin Malam Aminu Kano, da 'yar ƙaramar waya manne a kunne, ita ma takan yi ta. Tambayar ita ce: waƙar nan da aka sa ɗazu a rediyo, ta wa ce, kuma yaya sunanta? Waƙa ta zo ta ratsa mutum har ɓargo, bai gama jin daɗinta ba an datse ta da tallan magani, daga talla sai labarai, daga labarai sai wani shiri. Ba a faɗi sunan mawaƙi kafin a sa ba, ba a faɗa bayan an cire ba. Ta tafi ke nan.

Na san wani zai ce, haba Malam, ana fama da kuɗin masara da kuɗin makarantar yara, kai kuma ka zo mana da batun sunan waƙa? Na ji wannan ƙorafi, amma a yi haƙuri a saurare ni. Akwai haƙƙin mutane a cikin wannan magana, na masu rai da na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

A al'adarmu, in aka aiko yaro da kwanon tuwo, ba ya dire shi a ƙofar ɗaki ya juya. Sai ya durƙusa ya ce, ga shi in ji gidan Malam wane. Wanda aka kawo wa ya san wa zai gode wa, ya san kuma inda zai mayar da kwano. Abin da gidajen rediyonmu da dama ke yi da waƙa a yau shi ne a dire kwano a juya.

To me mutum ke yi in waƙa ta kama shi bai san sunanta ba? Mu mutanen Tarauni da Gyadi-Gyadi mun san amsar, domin a ƙofar gidanmu take. Sai ya nufi kasuwar waya ta Farm Centre, ya sami masu turi, samarin nan da ke zaune gaban kwamfuta da lasifika suna zuba wa mutane waƙoƙi da fina-finai da karatu a memori. Ya ce, ɗan'uwa, wata waƙa nake nema, jiya da la'asar na ji ta. Yaya sunanta, yallaɓai? Ban sani ba. Wa ya yi ta? Ban sani ba, amma namiji ne da mace, kuma da sarewa aka fara. Sai ya ɗan rera abin da ya riƙe na amshi, yana jin nauyin mutanen da ke tsaye. Sau da yawa yaron nan zai ɗaga kai ya yi jim, ya danna nan ya danna can, sai ga waƙa ta tashi. Ina girmama wannan basira ƙwarai. Babu wata hukuma da ta ɗauke su aiki, babu wanda ya horar da su, amma a yau su ne ke riƙe da rumbun waƙoƙin da talaka ke iya kaiwa gare shi.

Sai dai rumbun mai turi yana da rauni, kuma ba laifinsa ba ne. Waƙar da ta zo masa ta bi hannu barkatai kafin ta iso. Daga kaset zuwa faifan CD, daga CD zuwa memori, daga memori zuwa WhatsApp, inda ake tuɓe mata suna a liƙa mata jerin lambobi. Wanda ya karɓa sai ya raɗa mata sunan da ya zo masa a baki. Duk tsohuwar muryar da aka ji da kalangu sai a rubuta Shata. Duk waƙar fada da aka ji da kotso ko taushi sai a rubuta Ɗanƙwairo, in an yi ƙoƙari a ce Narambaɗa. Ta haka waƙoƙin Sa'idu Faru da Salihu Jankiɗi da Aliyu Ɗandawo ke sulalewa zuwa hannun wasu, har yaro ɗan shekara 20 ya tashi yana zaton makaɗan fada biyu rak aka taɓa yi a ƙasar Hausa. Masu kukuma ma ba su tsira ba. Mutum nawa ne a cikin matasanmu za su bambance Ahmadu Doka da Hassan Wayam da Garba Supa in ba a faɗa musu ba? Kuma wa zai faɗa musu in ba rediyo ba?

A waƙoƙin fim abin ya fi ciwo. Tun ƙarshen shekarun 1990 da fina-finan Hausa suka rungumi waƙa da rawa, fuskar da ake gani a allo daban, muryar da ake ji daban. Mawaƙi ya shiga situdiyo a Zoo Road, nan maƙwabtanmu, ya kwana yana rerawa. Jarumi ya zo ya motsa baki a gaban kyamara. Waƙa ta fita gari da sunan jarumi ko da sunan fim. Maza mawaƙa daga baya sun ƙwaci kansu, domin irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef sun riƙa fitar da kundin waƙoƙinsu da sunansu da hotonsu. Mata su suka fi shan wahala. Muryoyin Rabi Mustapha da Fati Nijar da Maryam A. Baba da Maryam Fantimoti sun cika gidajen biki da ɗakunan amare shekara da shekaru, amma a waƙoƙi da yawa da suka yi tare da maza, in ma an tuna an faɗi suna, na namijin ake faɗa. Ita macen sai ta zama "da wata". Mai gabatar da shiri da ya ɗauki daƙiƙa biyar ya ce wance ce ta yi amshi ya mayar mata da abin da aka daɗe ana riƙe mata.

Haka rubutattun waƙoƙi. Wanda ya rubuta daban, wanda ya rera daban. Waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya ce, amma bakuna da yawa sun rera ta, a tasha da kasuwa da ƙofar masallaci da gidan rediyo. In aka sa ba a yi bayani ba, sai mai sauraro ya ba mai rerawa waƙar gaba ɗaya. A watan Maulidi kuwa, da waƙoƙin bege ke cika iska dare da rana, sha'irai nawa ake ji ba a san su ba?

Yanzu matashin da ke da babbar waya zai ce, Baba, ai wannan an wuce wurin, akwai Shazam. Gaskiya ne akwai. Bari in yi wa iyayenmu bayaninsa. Manhaja ce da aka ƙirƙiro a Ingila, ta fara aiki a 2002. A lokacin ma babu irin wayoyin nan na shafa. Mutum zai buga lamba 2580 ne, ya kanga waya kusa da lasifika, a aiko masa da sunan waƙa ta saƙon tes. Kamfanin Apple ya saye ta a 2018. Yadda take aiki shi ne, tana sauraron 'yan daƙiƙoƙi na waƙa, ta tsinci wuraren da sauti ya fi ƙarfi da tazarar da ke tsakaninsu, ta haɗa su su zama wata shaida da babu waƙar da ke da irinta, sannan ta je ta gwada da miliyoyin shaidun da ke cikin rumbunta. In ta sami wadda ta dace, sai ta ba ka suna. Google ma tun 2020 ya ƙara da cewa ko da baki ka yi gunjin karin waƙa zai nemo maka.

Ku riƙe wannan: sai abin da ke cikin rumbun. Manhajar ba ta san waƙa ba, abin da aka ba ta ajiya kawai take ganewa. In mawaƙi ko wakilinsa bai ɗora waƙar a manyan shagunan waƙa na intanet da sunanta da sunansa ba, ko ka kwana kana kanga waya babu abin da za ta ce maka. Shi ya sa za ta gane maka waƙar Legas ko ta Indiya kafin ka ƙifta ido. Za ta iya gane Jaruma ta Hamisu Breaker, wadda ta karaɗe ko'ina a 2020, domin irin waɗannan an ɗora su. Amma kanga mata gurmin Haruna Uji da aka ɗauka a wani tsohon kaset, ko ƙwaryar Uwaliya Mai Amada a gidan biki, ka ga yadda za ta yi ta juyi ta dawo hannu rabbana. Wani lokaci ma abin da ya fi shirun muni shi ne ta ba ka amsa, amma sunan wani ne can da ya kwashi waƙar da ba tasa ba ya ɗora da sunan shagonsa.

Akwai kuma wani abu game da waƙar baka da waɗanda suka ƙera na'urar ba su yi lissafi da shi ba. Makaɗinmu na gargajiya ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Alhaji Mamman Shata zai yi waƙa guda a Funtuwa, ya sake yin ta a Kano, ya sake yin ta a situdiyon Kaduna, kowacce da ɗiyan da ya ƙara da waɗanda ya bari, gwargwadon wanda ke zaune a wurin da abin da ya faru a makon. Kuma yawancin waƙoƙin ba mawaƙin ne ya sa musu suna ba. Jama'a ne ke kiran su da amshinsu ko da sunan wanda aka yi wa. In ka ce Bakandamiya, sai a tambaye ka, ta Narambaɗa ko ta Shata? In ka ce ta Shata, masani zai sake tambayar ka, wane ɗauka? Ashe a wurinmu sanin sunan waƙa ma bai wadatar ba. Ana bukatar a san inda aka ɗauke ta da lokacin. Wannan ilimi ba ya cikin wata na'ura a Amurka. Yana jikin kwalin tef a ɗakin ajiya na gidan rediyo, yana kuma cikin kan tsofaffin ma'aikata.

Kuma ba haka muka taso muka tarar ba. Rediyo ya shigo Kano a 1944, lokacin da ake jan waya daga tasha zuwa akwatunan magana da aka kafa a wuraren taruwar jama'a da gidajen masu hali. Marigayi Bello Dandago, wanda gidan Rediyon Kano ke ɗauke da sunansa, yana cikin Hausawan farko da suka yi aikin rediyo, tun a birnin Ankara na ƙasar Gana lokacin yaƙin duniya na biyu, shi da Isa Kaita. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna, wanda ya zama makarantar kowa. Duk wanda ya girma da Zaɓi Sonka ya san yadda ake yi. Mai sauraro ya aiko da kati, ya jero waɗanda yake gaisarwa, ya faɗi waƙar da yake so. Mai gabatarwa ya karanta, ya ce ga waƙar wane, sannan faifai ya juya. Manomi a ƙauye da bai taɓa shiga aji ba ya san makaɗa da garuruwansu da iyayen gidansu, domin kullum ana nanata masa. A wancan tsari akwai ɗakin ajiyar faifai da ma'aikacinsa, kowane faifai da tef da lambarsa da bayaninsa. Ba ka fitar da shi sai an rubuta.

Abubuwa biyu suka sauya wannan. Na farko alheri ne. A 1992 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, aka buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa su mallaki tashoshi. A nan Kano, Freedom Radio ta fara a 2003 a Sharaɗa, daga nan ƙofa ta buɗe. Yau in ka murɗa akwati daga wannan gefe zuwa wancan za ka ratsa Dala a 88.5, Rediyon Kano a 89.3, Express a 90.3, Arewa a 93.1, Rahma a 97.3, Freedom a 99.5, Pyramid a 103.5, da wasu da dama a tsakani. Yawan tashoshi ya ba talaka baki, wannan babu musu. Amma ya sa mai sauraro kansa yakan manta a wace tasha ya ji waƙar, tunda yatsansa ba ya hutawa a kan maɓalli. Na biyu kuma kwamfuta ce ta maye gurbin ɗakin ajiya. Waƙar da a da sai ka sa hannu a littafi kafin ka ɗauka, yanzu tana zuwa a filas daga aljihun mai gabatarwa, wanda shi ma watakila a Farm Centre aka tura masa, da sunan da aka liƙa mata a can. Sau da yawa ba rowar suna yake yi ba. Shi ma bai sani ba ne.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, a bisa ƙa'ida amsar tambayarku tana nan a rubuce. Kundin ƙa'idojin NBC ya wajabta wa kowace tasha ta riƙa ajiye littafin abin da ta watsa, har da na kiɗa da waƙa, ta kuma adana sautin shirye-shiryenta na aƙalla kwana 90. Manhajojin da ke jera waƙoƙi a kwamfutar situdiyo su ma suna rubuta abin da suka kunna da sa'a da minti, ba tare da an roƙe su ba. Wato bayanin da tela ke nema a Court Road yana kwance a cikin wata kwamfuta da ba ta fi tafiyar adaidaita ɗaya daga shagonsa ba. Fito da shi ne ba a yi. A wasu ƙasashe an daɗe da mayar da wannan abin yau da kullum. Tashoshin kiɗa na BBC suna jera waƙoƙin da aka sa a kowane shiri a shafinsu. A Turai tun shekarun 1980 aka fito da hanyar aika ɗan rubutu tare da sautin FM, shi ya sa wasu motocin da ake shigo da su ke da allon da zai iya nuna sunan tasha da na waƙa. Allon na nan a motocinmu, galibi babu abin da ake aiko masa.

Yanzu mu zo ga batun kuɗi, domin nan ne gizo ke saƙar. Doka ta ce in ka yi amfani da waƙar mutum a kasuwancinka, akwai haƙƙinsa a kai. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ƙara jaddada wannan. Tashar rediyo ba za ta iya bin mawaƙa ɗaya bayan ɗaya tana biya ba, don haka ake da ƙungiyoyin da ke karɓa a madadinsu su raba, irin su MCSN, da kuma COSON a baya. Wasunku za su tuna rigimar ƙarshen 2013, lokacin da ƙungiyoyin masu gidajen rediyo da talabijin suka ce sun daina sa waƙoƙin 'yan COSON saboda saɓani kan kuɗi, har sai da aka yi sulhu a 2014. To in an tara kuɗin, da me ake rabawa? Da littafin nan. Shi ne zai nuna an sa waƙar wane sau kaza. In littafin babu, ko kuma an cika shi da "tsohuwar waƙa" da "waƙar Hausa ta biyu", sai a yi rabo da kintace, kuma kintace kullum wanda ya fi suna a Legas yake bi. Waƙar mutumin Arewa ta cika iska, rabonsa ya tafi wani wuri.

Ku tuna Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. Har gobe babu ranar da za ta fito ta faɗi ba a ji muryar ɗayansu a wata tasha a Arewa ba. Ana buɗe shiri da su, ana rufewa da su, ana cike gibi da su in baƙo ya makara. Shata da Barmani sun bar iyali, makaɗansu da 'yan amshinsu su ma sun bar na baya. Mu da muke yawan maganar haƙƙin marayu da haƙƙin magada a kan mumbari da cikin shirye-shiryenmu, bai kamata mu yi shiru a kan wannan ba don kawai dukiyar sauti ce, ba gona ko gida ba.

Akwai ma wata fa'ida da ta shafi kowa, ko da bai damu da kiɗa ba. Lokacin siyasa waƙoƙin 'yan takara kan cika tashoshi. Wata an biya kuɗi aka sa ta a matsayin talla, wata kuma an saƙa ta cikin shirin nishaɗi kamar zaɓin mai gabatarwa ne. Mai sauraro yana da haƙƙin ya san wacce ce wacce. Littafin da aka rubuta da gaskiya, aka kuma buɗe shi ga jama'a, shi ne zai raba gardama.

Na san uzurin abokan aikina, kuma ba na raina shi. Mai gabatarwa ɗaya ne a situdiyo, shi ke ɗaga waya, shi ke karanta saƙonni, shi ke lura da agogo, ga mai talla yana ƙirga daƙiƙoƙinsa, ga kuɗin dizal ya hana mai tasha barci. Wasu kuma suna ganin yawan faɗin suna yana kashe armashin shiri. Amma faɗin "wannan waƙar wane ce, tare da wance" bai kai tsawon gaisuwar da muke yi wa mai kiran waya guda ba. Kuma akwai abin da ya kamata mu lura da shi. Mawaƙin Hausa, na da da na yanzu, yakan sa hannu a cikin waƙarsa. Na gargajiya yakan ambaci kansa da garinsu da makaɗansa. Na zamani yakan ajiye sunansa da na mai kiɗa da na situdiyo, sau da yawa a can wajen ƙarshe. Daidai wurin nan ne muke rage sauti mu shigo da talla. Shi ya yi nasa ƙoƙarin don kada a manta da shi, mu kuma muka yanke. In ba za mu bar waƙa ta kai ƙarshe ba, to wajibi ne mu faɗa da bakinmu abin da muka hana shi faɗa.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. A faɗi suna kafin a sa, a maimaita bayan an cire, saboda wanda ya murɗo a tsakiya. Kowace tasha tana da shafin Facebook da lambar WhatsApp da ake turo gaisuwa. In shiri ya ƙare, a ɗauki hoton jerin waƙoƙin da aka sa da lokutansu a liƙa. Minti biyu ya isa. Kafin wannan kuma sai an gyara gida: a zaunar da mutum ɗaya da ya san waƙa, ya bi kwamfutar tasha yana gyara sunaye, kuma kada a yarda a kunna waƙar da ba a san mai ita ba sai an bincika. Ba a rasa inda za a duba ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, a littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa da kuma jerin Diwanin Waƙoƙin Baka. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah a 2006. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka. Malaman suna nan cikin garin nan, ɗalibansu suna neman inda za su yi aikin sanin makama. Tasha da jami'a su haɗa hannu mana.

Ku ma mawaƙa, musamman ƙannenmu masu tasowa da ke zarya a Zoo Road, da sauran aiki a gabanku. Kada ka bar situdiyo da waƙa sai an rubuta sunanta da naka da na wadda kuka yi tare da na mai kiɗa a cikin bayanan fayil ɗin kansa, ba a bakin mai turi kawai ba. Ɗora ta a Audiomack ko Boomplay ko YouTube da sunanka kafin wani ya riga ka. Shiga ƙungiyar da ke karɓar haƙƙi, ka yi wa waƙoƙinka rajista. In ka kai waƙa gidan rediyo, haɗa da 'yar takarda mai ɗauke da waɗannan bayanai.

Kai kuma mai sauraro, kafin a gyara, ga dabarar da ke aiki. Da waƙa ta kama ka, fara duba lambar tashar da agogo, domin da waɗannan biyun ne kawai za a iya gano ta a littafi. Riƙe sunan shirin ko na mai gabatarwa. In wayarka na ɗaukar murya, ɗauki ko da rabin minti ne, musamman amshi. Sannan ka tura saƙo ga tashar bayan an gama shirin, ba lokacin da layi ya cunkushe da masu gaisuwa ba, ka ce ranar kaza da ƙarfe kaza kun sa wata waƙa, ina son sunanta. Hajiya da ke cikin gida, ke ma tura, ko ki sa yaro ya tura miki. Kada ku ji nauyi. In tambayar ta yi yawa, masu tasha za su gane cewa fito da jerin ya fi musu sauƙi a kan amsa saƙo ɗaiɗai.

Saura waɗanda littafi ba zai iya ceto ba. A ɗakunan ajiya na tsofaffin tashoshinmu, da cikin akwatunan dattawa a Gyadi-Gyadi da Darmanawa da Hotoro, akwai tef da kaset da rubutun jikinsu ya goge. Tef ba ya jure zafi da ƙura irin namu, kuma mutanen da za su ji murya su ce wannan wane ne, a bikin wane aka ɗauka, kullum raguwa suke yi. Shawarata ga shugabannin shirye-shirye ita ce a ware rabin sa'a a mako, a riƙa sa irin waɗannan waƙoƙi da ba a san masu su ba, a buɗe layi ga dattawa. Tsohon direban da ya yi zamani a tashar mota zai kira. Tsohuwar zabiya za ta kira. Jikan makaɗin ma yana iya kira ya ce muryar kakansa ce. Abin da aka faɗa a rubuta, a gwada da na mai kira na biyu da na uku, a kai wa malaman jami'a su tantance, sannan a mayar da sautin cikin kwamfuta da cikakken sunansa, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Ba a bukatar kwangila ko tallafin ƙasar waje kafin a fara. Na'urar kunna kaset guda mai lafiya, da layin waya, da ma'aikaci mai haƙuri sun isa a fara a makon gobe.